Karta Tsakanin Abokai: Darasi a Kan Lissafin Yiwuwa

Gabatarwa

A ƙasar Wurno da Goronyo, inda Gulbin Rima ya ratsa, da ƙasar Raba da ke gefen Gulbin Sakkwato, noman fadama shi ne jigon rayuwa. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Goronyo a shekarar 1984 noman rani ya ƙara bunƙasa, musamman albasa da tafarnuwa da shinkafa. Kuɗin irin wannan noma yana da ɗabi'a guda: ba ya zuwa kaɗan-kaɗan, a dunƙule yake zuwa bayan an kai kaya kasuwa. Saurayin da ya yi watanni yana ban ruwa a Lahodu ko a wani ƙauye makamancinta zai wayi gari da ladan wahalarsa duka a aljihu, a daidai lokacin da aiki ya yi sauƙi, hira ta yi tsawo. A irin wannan zama ne ake haƙa gurbin dara, ake kuma fito da karta.

Wasa tsakanin abokai abu ne da ake ɗauka da sauƙi, amma a ƙarƙashinsa akwai wani reshe na ilimin lissafi da ake kira lissafin yiwuwa. Wannan darasi zai yi amfani da karta, musamman wasan da Turawa ke kira foka, domin bayyana ƙa'idojin wannan ilimi, da kuma nuna abin da ke sauyawa a ranar da kuɗi ya hau tabarma.

Wasanni Iri Uku

Masana sun kasa wasanni bisa ga abin da ke kawo nasara a cikinsu. Kashi na farko shi ne wasan gwaninta zalla, kamar dara. Gurabe talatin ne a ƙasa, kowane ɗan wasa da 'ya'ya goma sha biyu, kuma babu abin da ke ɓoye. Wanda aka ci a dara ba shi da wanda zai zarga sai tunaninsa. Kashi na biyu shi ne wasan sa'a zalla, kamar jefa wuri a ga ko zai faɗi rigingine ko rub da ciki. A nan gwani da bagidaje ɗaya suke. Kashi na uku shi ne wanda ya haɗa biyun: sa'a ce ke raba karta, amma hankali ne ke sarrafa abin da aka samu, kuma kowa yana ɓoye hannunsa. Nan ne Whot take, wadda aka ƙirƙira a Ingila a 1935 ta kuma zama ruwan dare a Nijeriya. Nan ne kuma foka take.

Foka ba ta yi gindin zama a ƙasar Hausa kamar dara ko Whot ba. Yawancin waɗanda suka san ta a finafinai ko a wayar hannu suka gan ta. An zaɓe ta a nan ne domin darajar kowane hannu a cikinta ta dogara kacokan a kan lissafi, don haka ta fi sauran dacewa da allo.

Taƙaitaccen Tarihi

Karta ta shiga Turai a wajejen 1370, kuma masana tarihi sun fi karkata ga cewa daga Masar ta zamanin Mamalik ta fito. A fadar Topkapi da ke Santambul akwai ragowar wata tsohuwar karta ta Mamalik mai dangi huɗu, tsarin da ake bi har yau. Foka kuwa ta bayyana a farkon ƙarni na 19 a birnin New Orleans na Amurka, ta bi jiragen ruwan kogin Misisifi ta yaɗu.

Shi ma lissafin yiwuwa a teburin wasa aka haife shi. Wani likita ɗan Italiya, Gerolamo Cardano, ya rubuta littafi a kan wasannin sa'a a ƙarni na 16, amma ba a buga shi ba sai 1663. A 1654 Faransawa biyu, Blaise Pascal da Pierre de Fermat, suka yi musayar wasiƙu a kan yadda ya kamata a raba kuɗin wasan da aka katse kafin ya ƙare. Daga waɗannan wasiƙu ne ilimin ya tsaya da ƙafafunsa. Sai dai dabarar ƙidayar da ake dogara da ita ta girme su duka. Halilu ɗan Ahmad na Basra, wanda ɗaliban Larabci suka sani da ilimin aruli, ya yi amfani da ita a ƙarni na 8 wajen ƙidaya kalmomin da za a iya haɗawa daga baƙaƙen Larabci. Baƙi 28 ne. Na farko yana da zaɓi 28, na biyu 27, don haka kalmomi masu baƙi biyu mabambanta 756 ne. Wannan dabara ce za a ɗora wa karta.

Yadda Ake Ƙidaya Hannuwa

Ƙa'idar farko ita ce: yiwuwar aukuwar abu ita ce yawan hanyoyin da zai iya aukuwa, a raba da yawan dukkan abin da zai iya aukuwa, muddin kowace hanya daidai take da 'yar'uwarta. Karta 52 ce, dangi huɗu, biyu jajaye biyu baƙaƙe, kowane dangi da karta 13. Yiwuwar zaro ja ita ce 26 cikin 52, wato rabi. Yiwuwar zaro lamba bakwai ita ce 4 cikin 52, wato 1 cikin 13.

A foka ana auna hannu mai karta biyar. Karta ta farko tana da zaɓi 52, ta biyu 51, ta uku 50, ta huɗu 49, ta biyar 48. Idan aka ninka su za a sami 311,875,200. Amma wadda ta fara zuwa da wadda ta zo ƙarshe duk ɗaya ne a hannun ɗan wasa, kuma karta biyar za a iya jera su ta hanya 120, wato 5 × 4 × 3 × 2 × 1. Da aka raba sai a sami 2,598,960. Wannan shi ne adadin dukkan hannuwan da za a iya raba wa mutum. Ga yadda muhimmansu suka kasu:

- Babu ko biyu masu lamba ɗaya, babu jeri, babu dangi ɗaya: 1,302,540, wato kusan rabi.
- Biyu masu lamba ɗaya: 1,098,240, wato kashi 42 cikin ɗari.
- Biyu-biyu har sau biyu: 123,552, wato 1 cikin 21.
- Uku masu lamba ɗaya: 54,912, wato 1 cikin 47.
- Biyar a jere, dangi a gauraye: 10,200, wato 1 cikin 255.
- Biyar 'yan dangi ɗaya, ba a jere ba: 5,108, wato 1 cikin 509.
- Uku masu lamba ɗaya da biyu masu lamba ɗaya: 3,744, wato 1 cikin 694.
- Huɗu masu lamba ɗaya: 624, wato 1 cikin 4,165.
- Biyar a jere kuma 'yan dangi ɗaya: 40 kacal.

Mai karatu zai iya tabbatar da ɗaya daga ciki da kansa. Huɗu masu lamba ɗaya: lambobi 13 ne za a zaɓa daga ciki, sannan karta ta biyar ta fito daga 48 da suka rage. 13 × 48 ya ba da 624.

Abin lura shi ne, yadda hannu ya ƙara wuyar samu haka darajarsa ke ƙaruwa. Mafi daraja duka, wato manyan karta biyar na dangi ɗaya a jere, hanya huɗu kawai gare shi, 1 cikin 649,740. Wanda ake raba wa hannu ashirin kowace rana zai jira kimanin shekara 89, a matsakaicin lissafi, kafin ya riƙe shi sau ɗaya.

Duk wannan ƙidaya ta dogara ga cewa an gauraya kartar da kyau. Hanyoyin jera karta 52 adadi ne mai lamba 68 a jere, wanda ya sa da wuya a ce jerin da aka samu bayan kyakkyawar gaurayawa ya taɓa fitowa a tarihin duniya. A 1992 masana biyu a Amurka, Dave Bayer da Persi Diaconis, suka nuna cewa idan ana raba karta gida biyu ana saƙa su cikin juna, sai an yi kamar sau bakwai kafin ta gaurayu sosai. Sau biyu ko ukun da aka saba yi yana barin sawun zagayen da ya wuce.

Karta Ba Ta Tuna Jiya

Kuskure mafi yawa a wurin 'yan wasa shi ne zaton cewa wanda aka daɗe ana ci, lokacinsa ya kusa. Idan an gauraya karta da kyau, babu wata alaƙa tsakanin rabon da ya wuce da mai zuwa. Takarda ba ta san wanda ya sha kashi ba, balle ta tausaya masa. A ranar 18 ga Agusta, 1913, a gidan caca na Monte Carlo, ƙwallon faifai mai ramuka ja da baƙi ya faɗa baƙi sau 26 a jere. Jama'a suka yi ta zuba dukiya a kan ja, suna cewa ai dole ya juyo, suka tafka asara mai yawa.

To, ina gaskiyar cewa abubuwa suna daidaita a ƙarshe? Jacob Bernoulli na ƙasar Suwizalan ya tabbatar da ita a littafinsa da aka buga a 1713. Ana kiranta dokar manyan adadi: idan aka maimaita gwaji sau da yawa, kason da ake samu zai matso kusa da yiwuwar gaskiya. Sai dai ba ta hanyar biyan bashi take yin haka ba. Wanda ya zaro baƙi sau goma a jere ba ya bin ja bashin goma. Zarowa dubu da za su biyo baya ne za su haɗiye goman nan har ta zama ba a ganin ta, kamar cokalin gishiri a cikin gulbi.

Wannan doka tana da fuska biyu ga ɗan wasa. A dare ɗaya sa'a ce sarauniya, har a ce ta fi manyan kaya, domin sabon shiga zai iya cinye gwani. A dare ɗari kuwa sa'ar kowa ta kusa zama ɗaya, sai gwaninta ta rage a fili. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Inda Hankali Ke Aiki

A ɗauka abokai suna wasa da tsakuwa a matsayin maki. Ɗaya yana riƙe da karta huɗu 'yan dangi ɗaya, yana son ya yar da ta biyar ya zaro wata. Karta 47 ne bai gani ba, 9 daga ciki danginsa ne. Yiwuwarsa 9 cikin 47, kusan 1 cikin 5. Idan tsakuwa 10 ce a tsakiya kuma sai ya zuba 5 zai ci gaba, to a cikin irin wannan hali sau biyar zai ci 10 sau ɗaya, ya yi asarar 5 sau huɗu, wato 20. Janyewa ta fi. Idan kuwa tsakuwa 1 kawai zai zuba, zai ci 10 ya rasa 4, ci gaba ya fi. Ke nan kyakkyawar shawara ba ita ce wadda ta ci a wannan karo ba, ita ce wadda za ta ci idan aka maimaita ta.

Sai kuma burga, wato mai raunin hannu ya nuna ƙarfi domin abokin karawa ya janye. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska, shi ya sa ɗan foka ke koyon daure fuska. John von Neumann, wanda ya aza harsashin nazarin dabarun wasa a 1928, ya nuna a littafin da suka wallafa da Oskar Morgenstern a 1944 cewa burga ba wauta ba ce, lissafi ne ke wajabta ta. Wanda ba ya burga ko kaɗan, da ya zuba kowa zai gane yana da hannu, a janye a bar shi. Wanda kullum yake burga kuma, dara za ta ci gida. Daidai shi ne a gauraya biyun ta yadda ba za a iya karanta mutum ba. Wannan nazari ya wuce karta, ya shiga ilimin tattalin arziki da na ciniki. A 2017 wata manhajar kwamfuta mai suna Libratus, ta Jami'ar Carnegie Mellon, ta doke ƙwararrun 'yan foka huɗu, abin da ya ƙara tabbatar da cewa a tsawon wasa lissafi ne ke da rinjaye.

Ranar da Kuɗi Ya Hau Tabarma

Muddin tsakuwa ake ci, abin da aka rasa tsakuwa ne. Da zarar an sa kuɗi, wasa ya koma caca, kuma lissafi yana da hukunci uku a kanta.

Na farko, caca ba ta haifar da dukiya. Wanda ya shuka tafarnuwa ya ƙara wa duniya abin da babu shi a da. A tabarmar caca kuwa abin da wani ya ci shi ne daidai abin da abokinsa ya rasa. Idan kuma akwai mai wuri da ke cire la'ada, jimillar 'yan wasa asara ce tabbas. A ɗauka mutum huɗu sun zauna, kowa da naira 10,000. Kowane zagaye kowa yana zuba 500, tari ya zama 2,000, mai wuri ya cire biyar cikin ɗari, wato 100. Ba wanda zai damu da naira 100. Amma bayan zagaye 100 mai wuri ya tara 10,000, bayan zagaye 200 rabin kuɗin da aka zo da shi duka yana aljihunsa, alhali bai taɓa karta ba. Kan wannan ƙa'ida ce kamfanonin cacar ƙwallo da ta waya suka ginu.

Na biyu, ko da babu la'ada, mai ƙaramin jari shi ke fara karyewa. Idan mai naira 10,000 ya kara da mai 90,000 a wasan da yiwuwarsu ɗaya ce, suka ce ba tashi sai wani ya ƙare, yiwuwar mai ƙaramin jarin ya tashi hannu rabbana ita ce 9 cikin 10.

Na uku, dabarar ninkawa tarko ce. Wasu na cewa idan aka ci ka, ka ninka, domin ci ɗaya zai mayar da komai. Wanda ya fara da 500 ya yi ta ninkawa, idan aka ci shi sau bakwai a jere ya rasa naira 63,500, kuma yana bukatar 64,000 domin zagaye na takwas, duk don neman ribar 500. Faɗuwa bakwai a jere tana da yiwuwar 1 cikin 128, abin da mai yawan zama ba zai daɗe bai gamu da shi ba. Garin neman gira an rasa ido.

Me ya sa mutum ba ya tashi alhali yana ganin asara? A shekarun 1950 masanin halayya B. F. Skinner ya lura cewa tattabarar da ake ba hatsi jefi-jefi, ba tare da ta san lokacin da zai zo ba, ta fi nacin saran maɓalli a kan wadda ake ba kowane lokaci. Binciken da aka yi a kan birai daga baya ya nuna cewa ƙwayoyin ƙwaƙwalwa masu fitar da sinadarin dofamin suna ƙara motsi idan lada yana cikin shakka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya jarabar caca cikin rukunin cututtukan kamu a kundinta da ya fara aiki a 2022. Saboda haka wanda ya kamu yana bukatar taimakon iyali da malamai da likita, ba gori kawai ba.

Alƙur'ani mai girma ya hana caca a Suratul Baƙara aya ta 219 da Suratul Ma'ida aya ta 90 da 91, inda aka ambaci gaba da ƙiyayyar da take haddasawa tsakanin mutane. Lissafi ya nuna ta inda gabar ke shigowa: ribar ɗan caca a cikin abokai ba ta da wata mafita sai aljihun abokinsa. Hukuncin wasan da babu kuɗi a cikinsa kuwa fage ne na malaman fiƙihu.

Aikin Gwaji

1. A zaro karta ɗaya, a rubuta launinta, a mayar, a gauraya. A maimaita sau 200. A duba kason ja bayan zarowa 10, da 50, da 200, a kuma nemo jeri mafi tsawo na launi ɗaya.
2. Ta hanya nawa za a iya raba wa mutum karta biyu daga 52? (Amsa: 1,326.)
3. A sake lissafin mutum huɗun nan idan la'ada ta zama goma cikin ɗari. Zagaye nawa ne zai kai rabin kuɗin ga mai wuri?

Kammalawa

An ga cewa abin da ake kira sa'a yana da doka, kuma dokar ba ta bayyana a dare ɗaya sai a tsawon lokaci. Amfanin wannan sani ya wuce tabarmar wasa. Manomin kwarin Rima da ya ga ambaliyar 2010 ya san cewa ruwan bara ba ya zama kariya ga bana, kamar yadda rabon da ya wuce ba ya gyara mai zuwa. Wanda ya raba gonarsa tsakanin albasa da shinkafa da gero, maimakon ya zuba komai a abu ɗaya, yana gudun karyewar mai ƙaramin jari ne. Wanda ya ƙi yanke hukunci a kan sabon iri da girbin shekara ɗaya, dokar manyan adadi yake bi ko da bai san sunanta ba. Bambancin shi ne, kasadar manomi tana fitar da abinci, ta ɗan caca kuwa kuɗi take kwashewa daga hannun aboki zuwa na aboki, mai wuri yana tsakura a hanya. Saurayin da ya dawo daga kasuwar Achida da kuɗin tafarnuwarsa, idan ya san wannan lissafi, zai iya zama da abokansa a yi raha da tsakuwa, kuɗin taki da na iri kuwa su kwana a inda ya ajiye su.